Filin Gida Da Iyali: Daga Alƙalami Zuwa Gizago

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A wannan fitowa za mu leƙa wajen ƴan'uwanmu Hausawan Sudan, mazauna ƙauyukan Jazira da bakin kogin Nilu Shuɗi, domin mu tattauna wata matsala da ta shafi kusan kowane gida, a can da nan: me dattijo zai yi da kansa ranar da ya ajiye aiki? Shawarar da muke kawowa ita ce ta kafa ƴar rumfar sassaƙa da kafinta a cikin gida. Mun zaɓi Sudan ne saboda a can buƙatar ta fito fili ƙarara, amma darasin zai amfani mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa.

Ga wanda bai san tarihin ba, alhazai daga ƙasar Hausa sun daɗe suna ratsa Sudan a ƙafa zuwa Makka, wasu kuma suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar wajajen 1906. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, wanda daga baya, tare da ƙarin Managil, ya haura fadan miliyan 2, sai Hausawa suka zama ƙashin bayan ƙwadagon gonakin. Da yawa sun zauna a unguwannin leburori da ake kira kambo, wasu suka kama su a kogi, ƴaƴansu kuma da suka yi karatu suka shiga koyarwa, da aikin jirgin ƙasa, da ofisoshin gandun a Barakat kusa da Wad Madani.

Saboda haka ritaya iri biyu ce a waɗannan garuruwa. Akwai ta ma'aikaci mai takarda da fansho, akwai kuma ta manomi ko lebura wanda ba wanda ya sallame shi, gwiwa da baya ne suka ce masa ya isa. Dukansu biyu sun haɗu a rami ɗaya. Bayan dokar gandun Jazira ta 2005 an sallami ma'aikata masu yawa. A watan Fabrairun 2021 aka karya darajar fam ɗin Sudan daga 55 zuwa 375 kan dala ɗaya, a watan Yuli na shekarar kuma hauhawar farashi ta haura 400 cikin 100. Fanshon da aka yi lissafin zai riƙe gida wata guda ya koma kuɗin cefanen kwana biyu. Sannan ga rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022 da ya tarwatsa dubban iyalai Hausawa, ga yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wanda ya ci Wad Madani a Disambar wannan shekara har zuwa Janairun 2025. Mutane da yawa da suka koma gidajensu sun tarar an kwashe kaya, wani gidan har ƙyaure da taga an ɓalle. Duk unguwar da ake sake ginawa tana neman mai gyara ƙofa da mai haɗa gado.

Abu na farko da ke tare wa dattijo hanya shi ne jin kunya. Wanda ya shekara 30 ana kiransa ustaz ko afandi, yana ganin riƙe gizago zubar da girma ne, musamman da yake a al'adarmu ta dā sassaƙa sana'ar gado ce ta wasu gidaje. To, bari mu tuna wa juna. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Annabi Nuhu da hannunsa ya gina jirgi bisa umarnin Ubangijinsa, manyan gari suna wucewa suna yi masa dariya. Annabi Dawuda, duk da sarautarsa, daga aikin hannunsa yake ci. Mumbarin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mai matakai uku, wani kafinta ne na wata mata cikin Ansaru ya haɗa shi da itacen kurmin Gaba da ke kusa da Madina. Sana'ar da annabawa suka riƙa ba ta rage darajar tsohon malamin makaranta. Abin da ke rage ta shi ne wuni a gindin bishiya ana ƙirga laifin mutane, da jiran abin da ɗa zai aiko daga Saudiyya ko Libiya.

In an tsallake wannan, sai maganar wuri. Mafi dacewa shi ne zaure, ko rumfa a jikin katanga mai ƙofa ta waje, don kada masu ciniki maza su riƙa kutsawa tsakar gida. Ɗaki mai mita 3 da mita 4 ya wadatar. A nisanta shi da madafa, domin ɓawon katako da garinsa makamashi ne, tartsatsi ɗaya ya ishe su. A tabbatar iska tana ratsawa, haske kuma yana faɗowa kan teburin aiki. Teburin ya zama mai nauyi, ba ya motsi, tsayinsa daidai wuyan hannun mai shi in ya miƙe tsaye ya saki hannuwa, saboda tsoho ba ya jure dogon sunkuyo. Kafin a kafa ko ƙusa ɗaya kuma a zauna da uwargida a yi shawara. Shekara da shekaru ita ke da gidan da rana, maigida yana wurin aiki. Ba adalci ba ne ya dawo rana ɗaya ya mamaye inuwar da take shanya da daka a cikinta.

Game da kayan aiki, kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwashi kuɗin sallama gaba ɗaya a sayo injuna. Wutar lantarki a ƙauyukan nan ba abin dogaro ba ce, man janareto kuma yana cinye riba. A fara da kayan hannu: gatari, da gizago wanda Sudanawa ke kira gaddum, da zarto biyu, babba da ƙarami, da guduma, da abin sassabe fuskar katako da suke kira fara, da azmil guda uku masu faɗi daban-daban don fafe rami, da magagari, da abin huda na hannu, da tef ɗin awo, da sukwaya. A cikinsu duka babu kamar dutsen wasa wuƙa. Ƙarfe mai dakushi shi ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ya kuɓuce ya sare shi, mai kaifi kuwa yana bin hannu. Tsofaffin kaya na kasuwa sau da yawa sun fi sababbi masu arha ƙarfe mai kyau, kuma ƙota abu ce da mutum zai sassaƙa da kansa, ita ce ma darasinsa na farko.

Sai itace, wanda shi ne rabin ilmin sana'ar. Allah Ya albarkaci bakin Nilu Shuɗi, daga Sinnar zuwa Rusairis, da kurmin bagaruwa, wadda suke kira sunut. Tana tsiro a fadamun da kogi ke malalewa duk shekara, itacenta ja ne mai tauri, yana jure ruwa da gara, shi ya sa aka daɗe ana tsaga shi don shimfiɗar layin dogo da haɗa jiragen ruwa. Shi ya dace da ƙafar gado, da dogaran ƙofa, da ƙotar fartanya, sai dai yana cin kaifin ƙarfe, kuma in ya bushe sarai ba ya karɓar ƙusa sai an fara hudawa. Aduwa, wato hijlij, tana da laushin fuska, ita ce ta allo da muciya. Dogon yaro, da aka shigo da shi daga Indiya zamanin Turawa, yana ko'ina a bakin tituna, yana da sauƙin aiki, ya dace da benci da kanta. Gawo ba shi da nauyi amma ƙwari na son sa, ga shi kuma amfaninsa a gona ya fi amfaninsa a rumfa, gara a bar shi tsaye.

Ɗanyen katako ba a yin ƙofa da shi, domin zai ƙanƙance ya murɗe bayan an kafa. A jera shi a inuwa, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, a sa ƴan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta shiga, a shafe bakunan da fenti ko tsohon mai don kada su tsage. Rana kai tsaye tana fasa shi. Haƙuri na watanni ake yi, kuma gwargwadon kaurin katako gwargwadon jira. Har ila yau, kurmin bagaruwa yana ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa da aka kafa a 1989, don haka a saya daga hannun mai izini. Yaƙi ya sa an yi wa dazuzzuka ɓarna don gawayi, bai kamata dattijon da ake koyi da shi ya zama kasuwar ɓarayin itace ba. Tsofaffin ƙyamare da karyayyun gadaje ma katako ne busasshe, amma a san asalinsu, kada a sayi abin da aka wawashe daga gidan wani Musulmi.

Me za a fara yi? Gyara. Kujerar da ta karye, ƙyauren da ya sauka, ƙotar da ta tsage: a nan hannu ke faɗawa, a nan kuma maƙwabta ke fara yarda da mutum. Daga nan sai bambar, ƴar kujerar tsugunne mai saƙar igiya da ba a rasa ta a kowane madafi da wurin masu shayi. Wanda ya iya bambar ya kama hanyar angarib, gadon igiya na Sudan, domin haɗin iri ɗaya ne: a fafe rami a ƙafa, a fiƙe bakin sanda ya shige daram, igiya kuma ta ɗaure su. Angarib ba ya rasa mai saye, a kansa ake haihuwa, a kansa ake zaunar da ango da amarya, shi ne kuma makarar da ake ɗaukar mamaci. Ga alluna na makarantun allo da suke kira khalwa, waɗanda garuruwan Hausawa suka shahara da su, ga kujerar ɗora Alƙur'ani, ga bencin masallaci na tsofaffin da ba sa iya sujada a ƙasa.

Ciniki kuma yana da hukuncinsa. Malamai sun halatta mutum ya ba da aikin abin da ba a ƙera ba tukuna, da sharaɗin a fayyace irin itacen, da awo, da farashi, da ranar karɓa. A lokacin da kuɗi ke narkewa kamar ƙanƙara, a rubuta yarjejeniya, a sayi katakon ranar da aka karɓi kuɗi, kada wa'adi ya yi nisa. An san masu sana'ar hannu da "dawo gobe", har ta zama abin zolaya. Dattijon da ya yi shekaru yana zuwa ofis kan lokaci shi ya fi cancanta ya karya wannan al'ada. Haka nan cike tsaga da garin katako a rufe da fenti ba tare da an gaya wa mai saye ba, algus ne, irin wanda Manzon Allah ya tsawatar wa mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Maƙwabci ma yana da haƙƙi: ba a buga guduma lokacin ƙailula ko bayan isha'i.

Kada a manta jiki ya kwana biyu. A sa tabarau na kariya, a rufe hanci lokacin goge katako, a sa takalmi rufaffe, a yi allurar rigakafin sandarewar jiki. Mai ciwon sukari ya kula ƙwarai, ƙaramin yanka a ƙafarsa na iya zama babban al'amari. Aiki daga hantsi zuwa azahar ya isa, kuma a rataye kayan kaifi inda jikoki ba sa kai hannu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda bai taɓa riƙe zarto ba ya nemi tsohon masassaƙin unguwa ya zauna a gabansa wata biyu ko uku, ko da ya girme shi ko ya fi shi karatu, ya biya shi haƙƙinsa. In hannu ya faɗa, shi ma ya jawo yara biyu, musamman marayun da yaƙi ya bari, su riƙa zuwa bayan an tashi makaranta, ba a madadin makaranta ba. Ƴaƴan da ke ƙasashen waje kuma muna ba su shawara, cikin abin da suke aikowa su ware wani kaso sau ɗaya don kayan aikin mahaifinsu, a kuma rubuta ko kyauta ce ko aro, don kada gizago ya raba zumunci ranar rabon gado.

Muna roƙon Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, Ya sa albarka a hannun iyayenmu, Ya kuma ciyar da mu daga halal. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.