Inshorar Tarakta: A Daina Auna Mana Da Mudu Biyu

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata matsala da ke damun masu tarakta a ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi. Matsalar kuwa ita ce yadda ake lissafin diyya idan tarakta mai inshora ta yi haɗari.

Kowa ya san abin da wannan yanki ya dogara da shi. Aliero ta yi suna a kan albasa har ƙasashen maƙwabta, Jega ga shinkafa a fadamar gulbi ga babbar kasuwa, Maiyama kuwa ga gero da dawa da shinkafa. Shanun huɗa sun yi tsada, ga kuma fargabar ɓarayin shanu, don haka tarakta, wadda mu a nan muke kira tantan, ta zama ita ce ƙafar manomi. Mutum ɗaya ba ya iya sayenta, sai dai a haɗu a ƙungiya a ci bashin banki. Banki kuma ba ya sakin kuɗinsa sai an yi wa motar inshora.

Inshorar noma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1987 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, kuma gwamnati na biya wa manomi rabin kuɗin inshorar wasu amfanin gona. Amma mu nan ƙauye kalmar ba ta shiga bakinmu sosai ba sai a watan Nuwamba na 2015, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers, wanda aka sanya kuɗin inshora a cikin bashin. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar nan ta ƙara nuna mana cewa abin yana da amfani. Saboda haka ni ba ina sukar inshora ba ne. Yadda ake biya shi ne abin dubawa.

Bari in ba da misali da abin da ya sami ƙungiyarmu. Mu goma sha huɗu ne, daga ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi uku. A 2022 muka sayi tarakta da garma da tirela da bashin wani banki, aka yi wa taraktar inshora a wani kamfani a kan naira miliyan 12, wato kuɗin da muka saye ta. Duk shekara wakilin kamfanin yana zuwa ya karɓi zubinmu ya ba mu rasit, ba mu taɓa fashi ba. A watan Maris na 2025, tana ɗauko albasa daga gona, gefen hanya ya zabtare ta kife cikin kwazazzabo. Allah ya kiyaye direba, amma gaban motar da akwatin giya sun tashi aiki. Bakanike ya yi lissafin gyara, ya kama naira miliyan 9.

Bayan watanni ana je ka ka dawo, sai kamfanin ya aiko mana da takarda cewa zai biya naira miliyan 2 da dubu 100. Da muka nemi bayani, ga abin da aka gaya mana. An ce taraktar yanzu kuɗinta miliyan 36 ne, mu kuwa a kan miliyan 12 muke zubi, wato kashi ɗaya cikin uku na darajarta kaɗai muka yi wa inshora. Don haka kashi ɗaya cikin uku na gyaran za su biya, miliyan 3 ke nan. Daga ciki aka cire dubu 600, wai ragin tsufa, tunda za a sa sababbin kaya a tsohuwar mota. Aka kuma cire dubu 300, wai kason da mai kaya ke ɗauka da kansa a kowane haɗari.

Jama'a, gaskiya ɗaya ce. Wannan ƙa'ida ta biyan kashi ba kamfanin ne ya ƙirƙiro ta dominmu ba. Tsohuwar ƙa'ida ce a harkar inshora, har a Ingila da ita ake aiki, kuma tana da ma'ana: wanda ya yi zubi a kan ƙaramin kuɗi ba zai kwashi diyyar babban kuɗi ba. Ni ɗan tireda ne, na san ba a sayen buhu da kuɗin tiya. To amma akwai tambayoyi biyu da har yau ba a amsa mana ba.

Ta farko, wa ya ninka kuɗin taraktar? Ba mu ba ne. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Tarakta da kayan gyaranta daga waje ake shigo da su, saboda haka kuɗinsu ya bi dala. Kamfanin inshora yana birni, yana da akawu da masana lissafi, ya san wannan tun kafin mu. Wakilinsa ya zo ya sabunta mana takarda bayan faɗuwar naira, ya rubuta miliyan 12 da hannunsa, ya karɓi kuɗi, bai ce mana uffan ba. Da ya ce mana ku ƙara zubi don darajar motarku ta tashi, wallahi da mun sayar da albasar da ke cikin rudu mun ƙara. Ranar karɓar kuɗi an yi shiru, sai ranar biya aka tuna da dala. Hausawa dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ta biyu ita ce ta fi ci mini rai. Miliyan 36 ɗin nan da suka ambata kuɗin sabuwar tarakta ce fil a shagon dila. Tamu kuwa ta yi shekara uku tana huɗa. Mun tambayi dillalan tsofaffin taraktoci, sun ce irin tamu ba za ta wuce miliyan 24 ba. In da wannan aka yi lissafi, rabin darajarta muka yi wa inshora, rabin gyara kuma miliyan 4 da rabi ne. Ka ga ke nan lokacin da za su auna darajarta don su rage kasonmu, sabuwa ce. Lokacin da za su biya kuɗin kayan gyara, sai ta koma tsohuwa a cire ragin tsufa. Mota ɗaya, rana ɗaya, ta zama sabuwa ta zama tsohuwa. A kasuwar Jega wanda ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, sarkin kasuwa ake kai wa ƙararsa.

Wannan jayayya ba a takarda ta tsaya ba. Taraktar tana nan jingine ƙarƙashin bedi, damina guda ta wuce ba ta yi huɗa ko kadada ɗaya ba. Banki bai daina lissafin ruwansa ba. Direba da yaransa biyu sun rasa abin yi, ɗaya ya tafi ci-rani Kudu. Ƙananan manoman da muke yi wa huɗa bashi sai kaka, sun koma bin layin taraktar haya da kuɗi hannu, wasu har shuka ta kuɓuce musu. Kuma na tabbata duk wanda ya yi wa tarakta ko injin casar shinkafa ko motar ɗaukar kaya inshora kafin 2023, bai kuma sake duba adadin da ke jikin takardarsa ba, wannan ramin yana gabansa.

Don haka ga shawarata ga 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa. Ka ɗauko takardarka yau, ka sami wanda ya iya Turanci ya karanta maka adadin da aka rubuta, ka gwada shi da farashin kasuwa. Ka tambayi wakili ko inshorar ta haɗa da jigilar kaya a kan hanya da kuma bayar da motar haya, domin wata takardar aikin cikin gona kaɗai ta sani. Idan haɗari ya faru, ka sanar da kamfani nan take a rubuce, ka ɗauki hoto da waya kafin a ɗaga motar, ka karɓi rahoton 'yan sanda, kada ka kwance ko ƙusa ɗaya sai mai ƙiyasta ɓarna ya zo ya gani. Ka nemi lissafin gyara daga bakanike biyu, kowa da sa hannunsa. Abu mafi girma kuma, akwai takardar da suke kawowa wadda ke cewa ka yarda an sallame ka gaba ɗaya. In ba ka gamsu da kuɗin ba, kada ka dangwala mata yatsa ko da yunwa na cinka, domin bayan ita da wuya ka sake samun bakin magana. Mu har yau ba mu sa hannu ba.

Kuma kamfani ba shi ne alƙalin ƙarshe ba. Akwai hukumar NAICOM da aka kafa a 1997 don ta sa ido a kan kamfanonin inshora, tana da sashen karɓar ƙorafi. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a Birnin Kebbi, kuma ba a biyan ko kwabo. Bayan su ga kotu. Waɗanda ke ƙyamar inshora saboda addini su ma akwai tsarin takaful, wanda aka fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, sai dai shi ma a karanta takardarsa da kyau.

A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, aka ce za ta ƙara kare masu zubi. To madalla. Amma doka da ke Abuja da Turanci ba za ta amfani mai albasa a Aliero ba sai ta iso shi da harshensa. Ina kira ga NAICOM da ta tilasta wa kamfanoni su riƙa ba da taƙaitaccen bayanin sharuɗɗansu da Hausa, da boko da ajami, shafi ɗaya tak. A wajabta wa wakili ya gaya wa mai kaya a rubuce, duk ranar sabuntawa, idan darajar kayansa ta wuce abin da ke takarda. A kuma hana yin lissafi da farashin sabo a cire ragin tsoho a diyya ɗaya. Bankunan da ke tilasta mana inshorar su ma su sa baki, tunda kuɗinsu ne a cikin motar. Ina kuma roƙon 'yan majalisarmu na Jega, Aliero da Maiyama da shugabannin ƙungiyoyin manoma su gayyato waɗannan kamfanoni a zauna a fili, a gidan rediyo in ya yiwu, a yi wa talakawa bayani kafin damina ta sake kamawa.

Daga ƙarshe ina roƙon Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga asara, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Jega, Jihar Kebbi.