Firintar Gida: Kafin Ki Sayi Tawada Ko Ki Kira Mai Gyara

A wannan watan za mu leƙa kan teburin falo ne, inda firinta take zaune. Gidaje da yawa yanzu suna da ita. Wata aikin makarantar yara take bugawa, wata takardun maigida, wata kuma tambarin da take mannawa a kwalaben humra ko robobin cincin ɗin da take sayarwa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, ni ma ya taɓa cin kuɗina. A ƙarshen wani zangon karatu aka ɗora mini buga takardun yabo da za a raba wa ɗalibai a gaban iyayensu ranar Asabar. Ranar Alhamis na zauna bugawa, sai ga adon gefen takardar da na tsara kore ya fito shuɗi, jan rubutun kuma ya koma ruwan hoda. Nan da nan na aika aka sayo mini tawada kwalba 4. Da na buɗe tankin zan zuba, sai na tarar kowane launi ya fi rabi. Na kira wani mai gyara, bai ko gwada ba ya ce kan na'urar ya mutu, ya faɗi kuɗin da sai da na dafe ƙirji. Ƙanena ne ya tambaye ni a waya: "Yaya, yaushe rabon da ki yi bugu da ita?" Na lissafa, kusan wata 2 ke nan. Ya ce in buga takardar gwaji. Ina bugawa na ga gurbin rawaya fari fat. Wanki 2 na yi mata ta dawo daidai, ko sisi ban ƙara kashewa ba.

Abin da na koya shi ne, firinta mai tawadar ruwa ajiya ta fi lalata ta a kan aiki. Kuma yawancin ciwonta uwargida za ta iya gano shi da kanta a cikin minti 10.

San irin taki

Firintocin gida iri 2 ne. Akwai mai tawadar ruwa, akwai kuma ta leza mai aiki da garin tawada da ake kira tona. Mai ruwan ita ma kashi 2 ce: mai katirij, wato ɗan akwatin da ake cirewa a sa sabo, da mai tanki a jiki wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Kamfanin Epson ne ya fara fitar da irin wannan mai tankin a Indonesiya a 2010, yanzu kuma HP da Canon duk suna yi. Dukkan masu ruwan suna fesa tawada ne ta wasu ƙofofi da suka fi silin gashi siranta, a jikin wani abu mai kai da komo da masu gyara ke kira hed. Idan aka daɗe ba a yi bugu ba sai tawadar ta bushe a bakin ƙofofin. Zafin bazara da ƙurar hunturu irin namu kuwa suna ƙara saurin bushewar.

Launin da ya ɓace zai faɗa miki kansa

Tawada 4 kacal yawancin firintocin gida suke da su, za ki ga haruffansu a jikin tanki ko kwalba. C shuɗi ne mai haske, M ja ne mai kama da zoɓon da aka tsinka da ruwa, Y rawaya ne, BK ko K kuma baƙi. Duk sauran launuka haɗi ne. Kore shi ne C da Y, ja shi ne M da Y, shuɗi mai duhu kuma C da M.

Saboda haka idan kore ya fito shuɗi, ja ya koma ruwan hoda, to rawaya ce ta toshe ko ta ƙare. Idan fuskokin mutane a hoto suka yi kore-kore, M ce ba ta fita. Idan ganye ya fito rawaya, hoton duka ya yi ja-ja, to C ce. Fararen layuka da ke ratsa rubutu ko hoto kuwa alama ce ta wasu ƙofofin sun toshe, wasu suna aiki.

Takardar gwaji da wankin kai

Kafin ki taɓa jakarki, buga takardar gwaji. A manhajar firinta da ke kwamfuta ko waya akwai sashen kula da na'ura, a nan za ki same ta. A irin su Epson L3110 da L3210 ba sai da kwamfuta ba. Ki kashe firintar, ki danne maɓallin tsayarwa mai alamar alwatika a cikin da'ira, sannan ki kunna ta kina danne da shi. Za ta fitar da takarda mai siraran layuka na launukan nan 4. In layukan sun fito a cike, ba toshewa ba ce. In akwai giɓi, sai ki yi wankin kai, wanda masu gyara ke ce wa kilinin. A waɗannan samfuran danne maɓallin tsayarwar ake yi na daƙiƙa 5 har fitilar kunnawa ta fara ƙiftawa. Kada ki kashe ta sai ta gama.

Bayan kowane wanki ki sake buga gwaji. Idan kin yi sau 3 bai gyaru ba, ki tsaya. Epson da kansu sun ce a bar ta aƙalla awa 12 ba tare da bugu ba kafin a sake. Wankin yana shan tawada sosai, kuma tawadar tana taruwa ne a wani soso da ke cikin na'urar. Ranar da ya cika firintar za ta ƙi aiki. Idan kin kai ta gyara a kan haka, ki tabbata an canza soson. Wasu lissafin kawai suke gogewa su bar tsohon a ciki, sai wata rana ki ga tawada tana tsiyaya a kan teburinki.

Masu amfani da ƙananan HP da Canon masu katirij, sau da yawa bakin feshin yana jikin katirij ɗin ne. Ki ciro shi, ki jiƙa tishu da ruwan gora mai ɗan ɗumi, ki dangwala bakin a hankali har ki ga launuka 3 sun fito a jiki. Kada ki taɓa wurin nan mai ruwan tagulla, kada ki sa allura, kananzir ko turare. In sabo ne, ki duba ko kin ɓare ledar da ke manne a bakinsa. Kuma kada ki ci gaba da bugu da katirij ɗin da ya ƙare, domin da zafi yake fesawa, idan babu tawada sai bakin ya ƙone.

Idan gwaji ya fito lafiya

To a nan sai ki koma kan saiti. Wataƙila ɗaya daga cikin yara ya zaɓi bugun baƙi da fari, ko bugun tsimin tawada wanda ke fitowa a koɗe. Ki kuma faɗa wa firinta irin takardar da kika sa mata. Takardar A4 mai nauyin giram 80 da muke saye tana shan tawada, don haka hoto ba zai taɓa yin sheƙi a kanta ba. Mai buga tambarin kaya ta nemi takardar hoto ko ta mannawa wadda aka yi domin tawadar ruwa, ta zaɓi sunanta a saiti, ta kuma lura da fuskar da ake bugawa a kai.

Ki sani kuma, abin da kike gani a allon waya haske ne na ja da kore da shuɗi, na takarda kuwa tawada ce. Ko sabuwa fil ce firintarki, wasu launuka masu walƙiya za su ɗan dushe a takarda. Wannan ba ciwo ba ne. Ki buga guda ɗaya ki gani kafin ki ba da umarnin 50. In takardar tana ɗauke da aya ko sunan Allah, ki yi gwajin launi da wani abu dabam, don kada ɓatattun su ƙare a kwandon shara ko a hannun mai ƙosai.

Game da tawada, araha ba ta ado. Ki sayi lambar da littafin firintarki ya ambata, kada ki gauraya iri biyu a tanki ɗaya, kada kuma ki bari ta sauka ƙasa da layin ƙarshe, domin iska za ta shiga bututun.

Takarda ta maƙale ko ta ƙi shiga

Ki kashe firinta tukuna, ki kama takardar da hannu biyu ki ja a hankali, ki tabbata ba ki bar guntu a ciki ba. Kada ki taɓa siririyar ledar nan mai kama da gilashi da ta ratsa ciki, da ita na'urar take gane inda kanta yake. Ki haska tocila cikin mazubin takarda. A gidan yara ba abin da ba a samu a wurin: maɓallin riga, fil ɗin ɗankwali, murfin biro. Da damina takarda tana jan danshi ta manne, don haka ki bar ta a ƙunshinta, ki karkaɗa ta kafin ki sa. In tayoyin robar da ke jan takarda sun yi ƙura, ki goge su da ƙyalle mai ɗan danshi.

Idan kuma kin tura bugu shiru, kada ki yi ta turawa. Ki share waɗanda ke layin jira, ki duba kebul, ki kashe firinta da kwamfuta ki sake kunnawa. Mai bugu ta waya ta tabbata wayar da firintar suna kan Wi-Fi ɗaya.

Wuta da janareta

A kullum ki kashe firinta da maɓallinta, ki jira fitila ta mutu kafin ki zare soket. A lokacin ne kan yake komawa mazauninsa a rufe masa baki. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da zarar an kawo ki kunna ta ta koma wurinta, kada ki bar ta ta kwana a buɗe. Mai tawadar ruwa ba ta cin wuta, yawancin na gida ba sa kai wat 20, amma ta leza tana cin ɗaruruwa saboda da zafi take manna tona. Shi ya sa ƙaramin janareta ko inbata ke kuka da ita. In rubutun ta leza ya fara dushewa, ki ciro katirij ɗin tona ki jijjiga shi a hankali hagu da dama, zai ƙara kai ki 'yan kwanaki. In ya zuba a zane, da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi kama shi yake yi.

Rigakafi ya fi magani

Ki ware rana ɗaya a mako, ko da ranar wankin kayan makaranta ce, ki buga takarda ɗaya mai launi. Ki lulluɓe firintar da ƙyalle, ki kawar da ita daga taga da rana. Ni ranar Juma'a nake yi, kuma tun daga wancan karon ban sake ganin korena ya koma shuɗi ba. Idan kin bi duk waɗannan matakan ba a dace ba, ko kika ji ƙara mai kama da karyewa, ko ƙaurin ƙuna, sai ki zare ta a kai wa mai gyara. Ki haɗa da takardun gwajin da kika buga, ki ce ya sake buga wata a gaban wanda kika aika kafin a biya shi.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.