Deng Yawen: Daga jifan mashi zuwa lambar zinariya a kan keke

A ranar 31 ga watan Yulin 2024, a dandalin Concorde da ke tsakiyar birnin Paris, wata budurwa 'yar ƙasar Sin mai shekaru 18 da haihuwa, Deng Yawen, ta lashe lambar zinariya a wasan gwaninta da keken BMX na gasar Olympics. Ta samu maki 92.60, inda ta sha gaban Perris Benegas ta Amurka da Natalya Diehm ta Ostareliya.

Wannan ne karo na farko da ƙasar Sin ta shiga wannan wasa a gasar Olympics, domin ko ɗan wasa ɗaya ba ta tura ba a gasar Tokyo da aka yi a 2021. Tambayar da ta biyo baya ita ce: ta yaya ƙasar da ba a san ta da wasan ba ta tsallake waɗanda suka ƙirƙiro shi cikin shekaru ƙalilan?

Wasan yaran unguwa

Shi dai BMX ƙaramin keke ne mai ƙwari, wanda faɗin tayarsa inci 20 ne. Ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a wajejen 1970, lokacin da yara suka riƙa kwaikwayon masu tseren babur a filayen ƙasa. Daga bisani wasu suka bar tsere suka koma nuna gwaninta: tashi sama daga kan tudun katako, alkafura, da juya keke a cikin iska.

A gasa, ana ba kowane ɗan wasa daƙiƙa 60 ne kacal, alƙalai kuma su duba wahalar abin da ya yi, da nisan tashinsa sama, da yadda ya sauka. A zagayen ƙarshe ana yin gwaji biyu, a ɗauki mafi kyau.

Shekara da shekaru babu ruwan gwamnati da wasan. Matashi kan koya daga abokansa, ya karye, ya warke, ya koma, yana fatan wani kamfanin kekuna ko na lemo ya ɗauki nauyinsa. Hatta zakarun Tokyo ta wannan hanya suka biyo. Charlotte Worthington ta Birtaniya ta yi aikin dafa abinci a wani gidan cin abinci kafin ta duƙufa ga wasan, shi kuwa Logan Martin na Ostareliya da kuɗinsa ya gina filin atisaye a bayan gidansa.

Hanyar Deng dabam ce

An haifi Deng a 2005 a birnin Luzhou na lardin Sichuan, kuma da wasan jifan mashi ta fara. A 2017 ne aka ɗauke ta zuwa ƙungiyar BMX ta lardin.

Shekarar tana da muhimmanci. A watan Yunin 2017 ne kwamitin Olympics na duniya ya amince a sanya wasan cikin jadawalin gasar Tokyo, a ƙoƙarinsa na jawo hankalin matasa. A ƙarshen shekarar kuma aka gudanar da gasar cin kofin duniya ta farko a Chengdu, babban birnin lardin su Deng, aka sake komawa can a 2018 da 2019. Wato da zarar wasan ya zama mai lambar yabo, hukumomin wasanni na Sin suka shiga neman yara masu ƙarfin jiki da rashin tsoro daga wasu fannoni, suna sauya masu sana'a.

Ba Sin kaɗai ke wannan dabara ba. Birtaniya ma ta ɗauko Lizzy Yarnold daga wasan guje-guje da tsalle-tsalle ta mayar da ita wasan sulu a kan ƙanƙara, ta kuma ci zinariya a 2014 da 2018. Bambancin yana ga yawan yaran da ake ɗiba da kuma ƙanƙantar shekarunsu.

Akwai kuma lissafi a ciki. Ɓangaren mata na BMX sabo ne, masu yin sa a matakin ƙoli ba su da yawa. Mata tara ne suka fafata a Tokyo, 12 a Paris. Ƙasar da ta tara 'yan mata da dama, ta ba su filin atisaye, da likita, da abinci, tana iya cike giɓin shekaru cikin hanzari. Alamar hakan ta bayyana a gasar duniya ta 2023 a Glasgow, inda 'yan Sin biyu suka zo na biyu da na uku a bayan Hannah Roberts ta Amurka. Deng ba ta cikinsu. Hasali ma, tun da ba a yarda ƙasa ta tura fiye da mata biyu Paris ba, samun gurbi a cikin gida ya kasance yaƙi mai zaman kansa, har an bar wasu gwanaye a gida.

Abin da kuɗi bai saya ba

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa tsari da horo ne kawai suka yi aikin. A 2023 Sin ta ɗauko Daniel Dhers, ɗan ƙasar Benezuwela, ya horar da 'yan wasanta. Dhers ɗan gargajiyar wasan ne na haƙiƙa: a titi ya koya, ya ci zinariya sau biyar a gasar X Games, sannan ya samu azurfa a Tokyo yana da shekaru 36.

Ɗauko shi tamkar amincewa ce cewa akwai abin da ba a koya a sansanin horo. Ana iya maimaita juyi ɗaya sau dubu har jiki ya haddace shi, amma sanin yadda za a tsara daƙiƙa 60, da inda za a yi kasada da inda za a yi taka-tsantsan, da abin da ke burge alƙalai, sai wanda ya daɗe a fage.

An ga amfanin hakan a Paris. Roberts, wadda a lokacin ta riƙe kambun duniya sau biyar kuma ita ce ta zo ta ɗaya a zagayen share fage, ta faɗi a zagayen ƙarshe ta ƙare a matsayi na takwas. Sun Jiaqi, abokiyar wasan Deng, ita ma ta faɗi. Deng kuwa ta kammala gwajinta biyu ba tare da ta taɓa ƙasa ba, har da wulwula gangar jikin keken sau biyu a iska kafin ta mayar da ƙafafunta kan feda.

Ga hukumomin Beijing, ribar a fili take. Sin ta kammala gasar Paris da zinariya 40, daidai da na Amurka, kuma ba don ta Deng ba da lissafin bai zo daidai ba.

Ga wasan kansa kuwa, lamarin na da fuska biyu. Matakin gwanintar mata ya ɗaga sosai, wannan ba a musu. Amma kuma yarinyar da ke atisaye da kuɗin iyayenta a filin unguwa yanzu tana gogayya ne da wadda gwamnati ke ciyarwa tun tana shekara 12. Ƙasashen da ba su da filin zamani ko ɗaya sun fi kowa jin jiki: a ɓangaren maza a Paris, Vincent Leygonie na Afirka ta Kudu ne kaɗai ya wakilci nahiyar Afirka.

Duk da haka tsohuwar hanyar ba ta toshe ba. A ranar da Deng ta yi nasara, José Torres, wanda ya tashi yana wasan a birnin Kordoba, shi ne ya lashe ɓangaren maza, kuma ita ce zinariya ɗaya tilo da Ajantina ta samu a Paris. Wasan na cikin jadawalin gasar Los Angeles ta 2028, lokacin da Deng za ta kasance tana da shekaru 22.