ZAUREN IYALI: Agogon Da Ya Tsaya

 Zancen da na kawo muku wannan wata, in na faɗi inda na samo shi, waɗansu dattawa za su ce tsufa ya fara taɓa ni. A wurin wasan yara na samo shi.

Jikana da ya ke karatu a jami'a ya zo hutun Kirsimeti da wata na'ura da a ke haɗawa da talabijin, sunanta PlayStation. Kullum da dare in akwai wuta sai ya zauna yana ta latse-latse, ni kuwa ina gefe ina yi masa faɗa. Ran nan na ɗaga kai sai na ga saurayi mai gemu yana share hawaye da hannun riga. Na ce, "Kai, wa ya mutu?" Ya ce, "Kaka, zauna ka gani." Ya mai da wasan farko. Dare shida muka yi a kansa, yana bugawa yana fassara mini inda Turancin ya yi sauri.

Sunan wasan The Last of Us. Wani kamfani a Amurka mai suna Naughty Dog ya fito da shi a 2013, a 2023 kuma aka mai da shi fim na talabijin. Labari ne ƙagagge. An ce wata annoba ta fāɗa wa duniya, wani irin funfuna ne, dangin naman kaza, ya kan shiga ƙwaƙwalwar mutum ya mai da shi kamar mahaukacin kare, duk wanda ya ciza shi ma ya kamu. Akwai irin wannan funfuna da gaske a kurmi, amma tururuwa da ƙwari ya ke kamawa, ba mutane ba. Masu wasan ne suka ɗora shi a kan 'yan Adam.

Wanda a ke bi cikin labarin wani magidanci ne, Joel, mutumin Teksas, yana zaune da 'yarsa tilo, Sarah, mai shekara 12. Daren da annoba ta ɓarke ya zo daidai da ranar haihuwarsa, yarinyar ta ba shi kyautar agogon hannu. Kafin gari ya waye suna gudu cikin hargitsi, yana ɗauke da ita domin ta ji ciwo a ƙafa, sai suka gamu da wani soja. Aka ba sojan umurni ya yi harbi, ya harba. Yarinyar ta cika a hannun ubanta. Ba annobar ce ta kashe ta ba, mutum mai lafiya ne wanda ya kamata ya tsare ta.

Daga nan sai wasan ya yi tsalle, shekara 20. Muka sami Joel a birnin Boston, a unguwar da soja suka killace, ya yi furfura, yana fasa-ƙwauri, ba ya dariya, ba ya tausayin kowa. Agogon nan yana ɗaure a hannunsa. Ya fashe, ba ya tafiya, amma bai cire shi ba. Jikana bai kula da agogon ba sosai. Ni kuwa idona bai bar kansa ba har dare shida suka ƙare.

Aka ɗanka masa wata yarinya marainiya, Ellie, mai shekara 14, wadda aka ciza amma ba ta kamu ba. Wata ƙungiya da a ke kira Fireflies tana so a kai mata yarinyar, ko a samu rigakafi daga jikinta. Tafiya ta kai su daga gabashin ƙasar har yamma, kusan shekara guda. Ba zan ba ku labarin faɗace-faɗacen hanya ba. Abin da na lura da shi shi ne yadda mutumin nan ya ke yi da mutuwa. Abokiyar aikinsa Tess ta mutu tun a Boston, ya kafa wa yarinyar doka kada ta ƙara ambaton sunanta. Suka haɗu da wani saurayi da ƙanensa, Henry da Sam, su ma suka mutu mummunar mutuwa, yarinyar ta so a yi zancensu, ya rufe mata baki. Da suka isa wurin ƙanensa Tommy a jihar Wayomin, Tommy ya miƙa masa tsohon hoton Sarah wanda ya je har tsohon gidansu ya ɗauko. Joel ya ƙi karɓa. Har ya nemi ya bar wa Tommy yarinyar ya ƙarasa da ita, ba don ya ƙi ta ba, sai don ya ji ta fara shiga ransa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A nan na tuna da kakanmu Yakubu. Ku buɗe Farawa sura 37. Da aka kawo masa rigar Yusufu da jini, 'ya'yansa maza da mata suka taru su ta'azantar da shi, ya ƙi. In kun yi lissafi, Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara 7 na ƙoshi da 2 na yunwa kafin su sāke ganin juna. Shekara 22 ke nan tsohon nan yana ɗauke da makoki. Ku dubi kuma abin da makokin ya sa shi. Duk ƙaunar da ya ke yi wa Yusufu ya juye ta a kan Biliyaminu, ya riƙe shi ƙam. Saminu yana tsare a Masar, hatsi yana ƙarewa a gida, jikoki suna jin yunwa, amma Yakubu ya ce Biliyaminu ba ya tafiya. Sai da abinci ya ƙare ƙaf, Yahuza kuma ya tsaya lamuni, kāna ya sake shi, ya danƙa al'amarin ga Allah.

Joel bai sake tasa ba. Ya ji mummunan rauni, cikin hunturu yarinyar ta yi jinyarsa, ta yi farauta, ta samo masa magani. Daga nan ta zama 'ya a gare shi, har ta ba shi hoton nan da ya ƙi, ya karɓa. Da suka isa asibiti a birnin Salt Lake aka gaya masa ba za a samu rigakafin ba sai an fiɗe ƙwaƙwalwarta, wato sai ta mutu. Tana sume, ba wanda ya tambaye ta. Joel ya ɗauki bindiga ya bi ta kan masu gadi, ya kashe likitan, ya ɗauko ta. Da ta farka ya ce mata an sami irinta da yawa, abin bai yi amfani ba, an ma daina neman magani. Ta ce ya rantse. Ya rantse.

Mun yi gardama da jikana a kan wannan har uwargida ta leƙo ta ce mu bar mutane su yi barci. Shi ya ce Joel ya yi daidai, kowane uba haka zai yi. Ni ma ban ga hakkin likitocin nan na yanka yarinya ba tare da saninta ba. Masu wa'azi za su yi saurin kwatanta wannan da Uba wanda ya ba da Ɗansa domin duniya, amma a yi hankali, gama Ubangijinmu ya san abin da ke gabansa, da yardarsa kuma ya tafi. Inda na rabu da jikana shi ne rantsuwar. Ƙaryar nan ba domin yarinyar ya yi ta ba. Ya san in ta ji gaskiya tana iya zaɓen abin da shi ba zai iya ɗauka ba. Kansa ya tsare, kada a binne masa 'ya sau biyu. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A kashi na biyu na wasan, wanda ya fito a 2020, Ellie ta gano gaskiya ta juya masa baya, likitan da ya kashe kuma ashe yana da 'ya, ita ce ta biyo sawu ta kashe shi.

Iyaye, kafin in ci gaba, wasan nan ba na ƙananan yara ba ne. Akwai zub da jini da ashar da yawa, a ƙasashen Turai ma an rubuta a jikinsa sai mai shekara 18. In kun gan shi a hannun ɗan firamare ku karɓe.

Yanzu ga dalilin da ya sa idona bai bar agogon nan ba. Shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce ƙyanda ta shigo garin da mu ke aiki, ta ɗauke mana 'yarmu ta fari tana da shekara huɗu. Kun san al'adarmu, ba a kiran sunan ɗan fari. Tana da rai ban kira sunanta ba saboda kunya. Da ta mutu ban kira ba saboda ciwo, mutane kuwa suka ɗauka kunyar ce har yanzu. 'Yan'uwa a ikkilisiya suka zo gaisuwa suna cewa sai haƙuri, na ce haƙuri ya zama dole, suka fita suna yabon bangaskiyata. Ran Lahadi na tsaya na bi da sujada ido a bushe. Uwarta in ta fara zancenta da dare sai in ce mata ashe ba ta gaskata da tashin matattu ba? Da ayar Allah na rufe wa matata baki, alhali Ubangiji da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru yana sane da cewa zai tashe shi a ranar. Ta yi shiru, sai dai a zumuntar mata ta kan samu inda za ta yi kukanta. 'Yar da aka haifa mana daga baya kuwa, uwar wannan jikan nawa, na hana ta sakat. Ko zazzaɓi ta yi ba na barci. Da ta ci jarrabawar makarantar kwana na ƙi ta tafi, na ce ba kuɗi. Akwai kuɗi.

Takalmin yarinyar na roba, ƙafa ɗaya, yana ƙasan akwatina har yau, a naɗe cikin tsumma. Na ɗauka ba wanda ya sani.

A dare na shida, da wasan ya ƙare, jikana ya kashe talabijin. Na ce masa, "Ka san uwarka tana da ya?" Ya ce bai taɓa ji ba. Na tashi na buɗe akwati na ɗauko takalmin na sa a hannunsa. Ya juya shi, ya ce, "Kaka, yaya sunanta?" Na buɗe baki, abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Sai muka ji muryar uwargida daga bakin ƙofa, ashe ba ta kwanta ba. Ita ta faɗi sunan. Ta ce mini, "Malam, ɗaya ƙafar tana wurina." Ta koma ɗaki ta ɗauko, muka jera su a kan tebur. Muka zauna mu uku tana ba yaron labarin yadda yarinyar ta ke kiran agwagwa, har zakara ya yi cara.

Uwarsa za ta zo hutun Ista. Akwai maganar kuɗin makaranta da zan yi da ita.