Inshorar lafiya a Zuru: a zo karɓar kuɗin da kaka

Magani nake sayarwa a Zuru, kuma maganar da na fi ji a shago ita ce, "Malam, a ba ni na ɗari biyar." Likita ya rubuta na mako guda, mai shi ya ɗauki na kwana biyu, sauran sai ranar kasuwa. Mai hawan jini kuwa sai kai ya fara sara masa yake tunawa da ni.

A ƙasar nan, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, Naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya ce zai tattara nasa ya nasa, kwalin da na saro jiya ba na iya maye gurbinsa da kuɗin da na sayar da shi yau.

A 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Kebbi ma tana da hukumarta, KECHEMA. Masu cewa a sakar wa kamfanonin inshora, wato HMO, ragamar farashi, ina jin ba su taɓa tsayawa a bayan kanta ba. Ribar kamfani ita ce abin da ya rage tsakanin abin da ya karɓa da abin da ya biya asibiti. Kafin 2024, an shekara da shekaru ana ba asibiti Naira 750 a wata kan kowane mai kati. Me wannan zai saya? Shi ya sa ma'aikaci zai nuna katinsa, a ce masa maganin ya ƙare, ya je waje. Wajen nan ni ne. Ciniki dai ya zo mini, amma mutumin ya biya sau biyu ke nan.

Wannan fa mai albashi ne. Kamfani albashi yake bi, don a nan ake yankar kuɗi ba gardama. Manomin Dabai ko Ribah ko Mahuta ba shi da ƙarshen wata. Kuɗinsa na zuwa sau ɗaya, idan dawa da masara sun shigo gida. Zazzaɓin yara kuma da damina yake tsananta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. To, hukuma ta zo da kaka ta karɓi na shekara gaba ɗaya, ta hannun ƙungiyoyin manoma, da masallatai da coci-coci, a miƙa wa mutum katinsa a wurin.

Riƙe farashi kuwa aikin gwamnati ne. Ta sayi magani da yawa kai tsaye daga masana'anta, ta raba wa asibitoci. Kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa ƙananan asibitoci ya riƙa isowa a kan kari. A liƙa farashin kowane gwaji da kowace allura a bango, da Hausa da Dakarci. Na san hakan zai rage mini ciniki, na yarda.

A kuma sa kuɗin mota cikin lissafi. Idan aka tura majinyaci Birnin Kebbi ko Sakkwato, kafin ya ga likita an riga an sayar da akuya.