FILIN MATA: Ina Mace Za Ta Zauna Ta Sha Shayi?

Makon jiya wata yarinya 'yar makaranta ta aiko mini da takarda daga Rogo. Ta ce ta ga ƙawayenta na birni suna ɗaukar hoto da wani irin shayi mai baƙaƙen ƙwallaye a gindin kofi, wai shi boba. Ita kuwa za ta Kano hutu wurin yayarta, har ta tara 'yan kuɗinta. Tana so in gaya mata inda za ta sami wuri mai kyau ta zauna ta sha, ba a tsaye ba, ba kuwa a tsakiyar maza ba.

Da na duba inda takardar ta fito sai dariya ta kama ni. Ƙanwata, abin da za ki hau mota ki nema, ai sunan garinku gare shi. Ƙwallayen nan rogo ne. Sitacinsa ake kwaɓawa da tafasasshen ruwa da sukari, a mulmula ƙanana, a dafa, a zuba cikin shayi da madara da ƙanƙara. A tsibirin Taiwan, gabas da ƙasar Sin, aka fara shi wajen 1986. Shaguna biyu, ɗaya a garin Tainan ɗaya a Taicung, suka yi ta jayayya, kowa yana cewa shi ya fara, har gaban alƙali. A 2019 aka sallame su, aka ce abin sha ne, kowa ya ga dama ya yi. Rogo kuwa, duk duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya nomansa. Mu da muka tashi muna dama fura da nono, muna barin gaya don mu sami na taunawa, ba mu za a koya wa sha da tauna a lokaci guda ba.

Amma zancen wurin zama, wannan shi ne ya tsaya mini a rai. Ni mutuniyar Daura ce, watau Daurarmu ta ƙasar Karaye, ba ta rijiyar Kusugu ba. A garinmu, da Karaye, da Rogo, wurin shan shayi ɗaya ne: teburin mai shayi, da bencinsa, da burodinsa da ƙwai, da rediyo. Ba a kafa dokar hana mace ba, amma wa ya taɓa ganin uwargida ta zauna a kan bencin nan? Sai dai ta aiki yaro da kofi. Maza a can suke jin kuɗin taki da labarin gari. Mu kuwa ba mu haɗuwa sai suna, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, kuma ko a nan ɗin aiki ne ya tara mu. Saboda haka in na ji yarinya tana neman shagon shayi, ba na yi mata kallon mai kwaɗayi. Rabin abin da take nema kujerar ce.

To, tun da kujera za ki saya da kuɗinki, sai ki san irin wadda za ki saya. Ni na sha wuya kafin in gane. Ran da na fara zuwa wani shago a birni tare da Yaya, kiɗa ya hana mu jin maganar juna, samari sun cika ƙofa, aka kawo mana wani ruwa shuɗi mai zaƙi kamar maɗi, ƙwallayen kuwa cikinsu tauri kamar ɗanyen wake. Yaya ta dube ni ta ce, "Malama, wannan ne kika raba ni da tuwona dominsa?" Kuɗin kofi biyun nan da sun shayar da gidanmu duka fura, har da baƙi.

Abin da na koya tun daga ran nan ga shi. Kafin ki zauna, tsaya a bakin ƙofa ki duba su wa ke ciki. In kin ga mata da 'ya'yansu, ko ɗalibai da littattafai, shiga. In kin ga hayaƙin shisha da labule mai duhu, juya, ko da kyauta ake bayarwa. Sa'an nan ki nemi takardar farashi ki karanta da idonki tun ba ki ce a kawo kome ba. Ba abin kunya ba ne. Kunya ita ce a miƙo miki lissafi ki tarar ya cinye kuɗin motarki ta komawa gida.

Ki tambayi mai shagon yaushe aka dafa ƙwallayen. Wannan tambaya ita ke raba gwani da ɗan koyo, domin dafaffen sitacin rogo ba ya jimrewa. Bayan 'yan sa'o'i kaɗan sai ya fara tauri, in an sa shi a firji kuwa ya ƙara sandarewa. Mai kyau yana da laushi da danƙo har ciki, da ɗan ɗumi. Wanda ya yi miki fushi don kin tambaya, na jiya zai ba ki. Ki tambaya kuma ko ganyen shayi suke dafawa ko kuwa gari mai launi suke kaɗawa, ki kuma duba da wane ruwa suke yin ƙanƙara, gama ciwon ciki ta nan yake shigowa. Ni har makewayi nake leƙawa. Wanda bai wanke can ba, ban yarda ya wanke tukunya ba. In akwai wurin salla na mata, to, mai shagon ya san da zamanmu. Ki ce a rage miki sukari rabi, domin ƙwallayen kansu cikin sukari aka jiƙa su. Kada ki tafi ke kaɗai, ki kuma tafi da sanin Yaya, ki dawo kafin magariba.

Uwargida, ke kuma da ba ki da shirin zuwa birni, kada ki ce wannan ba naki ba ne. Nemi sitacin rogo na ci, wanda aka wanke aka shanya sosai, ba na guga ba, ba kuwa na ɗanyen rogo mai ɗaci da kika matse yau ba, don wannan yana da dafi. Narka mazarƙwaila a ruwa kaɗan, ya tafasa sosai, ki sauke ki zuba sitaci kamar ninki biyu na ruwan, ki juya da sauri. Da ruwan sanyi ba ya kamuwa, sai ya yi ta narkewa a hannunki. Ki murza, ki mulmula ƙanana kamar gujiya, ki barbaɗa musu sitaci kada su manne. Zuba su cikin ruwa mai yawa yana tafasa, su yi kamar minti 20, ki rufe tukunya ki bar su wasu minti 20, sa'an nan ki tsame ki jiƙa su cikin ruwan mazarƙwaila. Dafa shayi mai kauri, ki sa madara, ki bar shi ya huce. In babu bututun nan mai faɗi da ake zuƙa da shi, cokali ya isa. Amma fa kada ki ba ƙaramin yaro ƙwallayen, suna iya sarƙe shi.

Mu a unguwarmu mu shida ne, kowace Asabar bayan la'asar gidan ɗaya, da izinin masu gida. Mai masauki ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, sauran kowa ta zo da kofinta. Wadda ta zo da tsintar wake ko saƙar hula sai mu ce ta ajiye a zaure. Ƙanwata ta Rogo, in kin dawo daga Kano ki rubuto mini abin da kika gani, da nawa kika biya, in karanta wa 'yan Asabar.