Furen Helebo: Ba A Yankansa Sai Ya Ƙosa

Jama'a, a wannan mako filin namu zai leƙa ƙasashen Turai ne, domin mu duba wani fure da ake kira helebo, wanda masu lambu a can suke ji da shi ƙwarai. Dalilin wannan daraja kuwa shi ne yana buɗewa a tsakiyar hunturu, daga watan Disamba zuwa Afrilu, lokacin da sanyi ya kwantar da sauran tsirrai.

Helebo yana da iri kamar 20, galibinsu daga Turai da yammacin Asiya. Akwai fari, wanda asalinsa duwatsun Alps ne, Turawa suna ce masa furen Kirsimeti. Akwai kuma na Girka da Turkiyya, wanda daga jikinsa ne masu haɗa iri, kamar marigayiya Helen Ballard ta Ingila, suka fitar da launuka iri-iri, tun daga rawaya har zuwa shuɗi mai duhu kamar baƙi.

Shi wannan tsiro yana son inuwar itatuwan da ke zubar da ganye, da ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Irinsa ana shuka shi ne da ɗanyensa, kuma ba ya tsirowa sai sanyin hunturu ya ratsa shi, sa'an nan a jira shekara 2 zuwa 3 kafin a ga fure. In ya kama wuri, ba ya son a riƙa tumɓuke shi ana sake dasawa. Saboda haka mai karatu da ke Kano ko Legas kada ya yi asarar kuɗinsa wajen sayen irin ta intanet, domin zafin ƙasarmu ba zai bar shi ya yi ba. 'Yan'uwanmu mazauna Turai da arewacin Amurka su ne za su iya gwadawa.

To, wajen yanka domin ƙawata ɗaki ne mutane da yawa suke yin kuskure. Mutum zai ga furen ya buɗe, yana kan ganiyar kyaunsa, sai ya yanke ya sa a kwalbar ruwa. Kafin gari ya waye ya langaɓe. Sirrin yana tsakiyar furen. Muddin siraran zaren nan masu ɗauke da gari rawaya suna nan, to karan bai yi ƙwari ba, ba ya iya jan ruwa yadda ya kamata. Sai an bari zaren sun zube, kwanson iri ya fara fitowa, sa'an nan a sa wuƙa. Babu fargabar kyan zai gushe, domin ɓangarorin nan guda 5 masu launi asalinsu murfin toho ne, shi ya sa ba su zuba da wuri. Wanda aka yanka a wannan lokaci yakan yi mako guda ko fiye yana tsaye. Lalle mahaƙurci mawadaci.

Wanda kuwa ya matsu sai ya yanka da wuri, akwai dabara. A tsoma ƙarshen karan cikin tafasasshen ruwa na kamar daƙiƙa 20, a ɗan tsaga gefensa a tsaye, a nutsa shi cikin ruwan sanyi har wuya ya kwana. Bayan haka a nisanta shi daga murhu da hasken rana. Tun da yake furen helebo a sunkuye yake, wasu sukan tsinke kawunan kawai su jera su a kan ruwa cikin faffaɗan kwano, fuskarsu tana kallon sama.

Daga ƙarshe muna jan kunne: wannan tsiro guba ne tun daga saiwa har fure. Marubutan Girka na dā sun ruwaito cewa a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, mayaƙan da suka kewaye birnin Kirrha da shi suka gurɓata ruwan shan mutanen garin. Ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi, don haka a sa safar hannu wajen yanka, a kuma ajiye kwalbar inda hannun yara da bakin dabbobin gida ba za su kai ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.